Magaryar da Na Shuka wa Barewa

Shekarar da na gama sakandare aka kawo barewa gidanmu. Gidan yana cikin wani lungu a gindin Dala, ginin ƙasa ne irin na da mai zaure biyu, kuma a zauren farko Baba yake sana'arsa ta dukanci. Akwai wani tsohon maharbi da kan kawo masa fatu daga daji sau biyu ko uku a shekara. A wannan zuwan, wajen ƙarshen damina, da ya sauke fatun sai ya kwance wani buhu da ya rungumo a ƙirjinsa, ya fito da 'yar barewa, ƙafafunta sirara kamar tsinken tsintsiya. Ya ce uwarta ce ta faɗa tarkonsa, bai san tana da goyo ba sai da ya ji kuka a cikin ciyawa.

Ina bayan labulen zaure na biyu ina leƙe. Baba ya ɗago kai ya ce, "Mamana, fito ki gani." Haka yake kirana, domin sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ita kuwa mahaifiyar tasa, Hajiya, wadda ɗakinta yake can ƙuryar gida, takwara take ce mini, in ta ga dama ta ɗora wata tsokanar a kai.

A lokacin ba ni da aikin da ya wuce karanta littattafan soyayya. Akwai mai ba da hayarsu a bakin titi, kullum da guda ɗaya a ƙarƙashin hijabina. A cikin littattafan nan, duk gidan da ya amsa sunansa gida akwai lambu, a lambun akwai ɗawisu da barewa suna kai-kawo, 'yar gidan kuma tana zaune a gindin bishiya tana jiran sallamar wani. Duk kyakkyawar da aka kwatanta, idonta irin na barewa ne. Na karanta haka ya fi a ƙirga, amma ban taɓa ganin barewa ido da ido ba sai ranar. Da ta ɗago ta dube ni na ga marubutan ba su yi ƙarya ba. Abin da suka manta su faɗa shi ne idon cike yake da tsoro.

Ni na raine ta. Nonon akuyar maƙwabta nake ba ta a bulumboti, tana sha tana kaɗa ɗan guntun wutsiyarta. Da ta fara taɓa abinci sai muka gane abin da take so ba da niyya ba. Hajiya ta sayi ɗinya wajen matan ƙauye za ta yi maɗi, 'yan ƙwayoyi suka gangaro daga faifai, barewar ta bi su ta tsince tas. Daga nan kullum sai na ware mata nata kason. Da ɗinya ta wuce, magarya ta shigo, ita ma haka. Ta san ƙarar faifai fiye da muryata. In ta ƙoshi sai ta tafi gindin randa inda akwai sanyi, ta kwanta tana tuƙa, can sai ka ga ta tofar da ƙwallon. Ni kuwa ina gefe da littafina, ina jin rabin abin da na karanta ya riga ya zo gidanmu, saura lambun da mai sallama.

Bazara ce ta ɓata komai. Ɗanyen 'ya'yan itace ya ɗauke a kasuwa, sai busasshiyar magarya, wadda takan ɗauki biyu ko uku ta bar sauran. Aka ba ta dusa ta sunsuna ta kau da kai. Aka sayo harawa ta zaɓi 'yan ganyaye ta tattake sauran. Cikin 'yan makonni haƙarƙarinta ya fito, tsallen da takan yi da safe daga ƙofar ɗakin Umma zuwa bakin rijiya ya tsaya.

Wata safiya Baba ya shigo cikin gida ya tsaya a kanta. Ya shafa gadon bayanta kamar yadda ake taɓa rago a kasuwa, ya ɗaga leɓenta ya duba dasashi. Ya koma zaure. Na ji ya buɗe akwatin kayan aikinsa, na ji ƙarar wuƙa a kan dutsen washi, ya daɗe yana yi. Sai ga shi da wata doguwar wuƙa da ba a fito da ita sai ranar layya. Ya miƙa hannu ya soke ta a tsakanin azarar da ke saman ƙofar zaure na biyu, ƙotar tana leƙowa.

Na ce, "Baba, wannan ta mece ce?"

Ya ce, "Ta ko-ta-kwana ce, Mamana. Dabba in ta kwanta ba a barinta ta yi mushe. Allah ya halatta mana ita, ba ma kai ta bola."

Sannan ya juya wajen Umma ya ce in barewar ta faɗi ta kasa tashi ba ya nan, a kira maƙwabcinmu ya yanka, kada a tsaya jiransa.

Ba mugunta ba ce, kuma na sani. Haka ake yi a kowane gida a unguwarmu. Ni kaina na sha cin naman akuyar da aka yi wa irin wannan gaggawa aka rarraba wa maƙwabta, ban taɓa tunanin komai ba. Amma daga ranar ƙofar nan ta zame mini abin tsoro. In zan wuce sai na sunkuyar da kai, duk da haka ina jin ƙotar a saman kaina. Abin da ya fi muni, Baba ba ya fara aiki sai ya wasa 'yar wuƙarsa ta yankan fata, kowace safiya, tun kafin a haife ni. Ƙarar da na tashi da ita ban taɓa kula da ita ba, yanzu ita nake saurare. Da na ji ta sai na bar abin da nake yi na ruga na duba azara, sannan na duba barewa. In na same ta a kwance sai na tashe ta da ƙarfi, na tallafi cikinta har ta tsaya, don kada wani ya shigo ya gan ta a ƙasa.

A cikin wannan tsoron ne dabara ta zo mini. Tun da ɗinya da magarya take so, me zai hana na shuka mata su a gida? A bayan ɗakin Hajiya akwai kangon wani ɗaki da rufinsa ya faɗi tun zamanin kakanmu, bango uku a tsaye, sama a buɗe. Na tsaya a ciki na rufe ido na ga bishiyoyi sun haɗe, 'ya'ya suna zubowa, barewa tana tsinta, ni kuma ina zaune da atamfa mai ruwan ganye.

Hajiya tana da wata tsohuwar tukunya da ta tara ƙwallayen ɗinya bayan ta yi maɗi, tana ɗiba tana ƙara wa wuta. Na ɗebi cikin tafi biyu, na tona ramuka a kango na binne. Kullum safe da yamma ina kai ruwa a buta. Mako biyu, uku, ko tsinke bai fito ba. Hajiya ta leƙo ta same ni a tsugune ina tono da ɗan yatsa.

Ta ce, "Takwara, me aka binne a nan, ko wasiƙar saurayi ce?"

Na faɗa mata. Ta yi dariya har sai da ta dafa bango.

"Daga tukunyata kika ɗiba? Wanda na dafa ya yi wuni yana tafasa? Ke da an tafasa ki haka za ki tsiro?"

Na ji kamar na yi kuka. Ta ga fuskata, ta rage dariyar, ta ce na biyo ta. Ta kai ni gindin randa, ta sa sandarta ta nuna wani lungu tsakanin randar da bango inda tsintsiya ba ta kaiwa. Ga wasu 'yan tsirrai nan a cikin laima, wasu da ƙananan ganye masu sheƙi, biyu kuma masu kauri.

Ta ce, "Ga magarya, ga ɗinya. 'Yar taki ce ta shuka abinta. Ƙwallon nan taurin kai gare shi, in ba ya shiga cikin dabba ya jiƙa ya fito ba, sai ya shekara a ƙasa yana kallonki. A ƙauyenmu duk inda awaki suke kwana nan magarya take fitowa."

Na tsuguna ina kallonsu kamar na tsinci zinariya. Ta ce, "Amma kin san shekara nawa ɗinya take yi kafin ta haihu? A littafinku ne ake juya shafi a ce bayan shekara bakwai. Nan sai kin zauna kin ƙirga su da kanki, ɗaya bayan ɗaya."

Na ce, "Magarya fa?"

"Ita tana da sauri. In Allah ya so, uku."

Shekara uku, ga wuƙa a azara. Na san lissafin bai fita ba, amma ba ni da wani abin riƙewa. Na gaya wa kaina ko ganyen ne za ta samu ta ci. Na sa cokali na ciro tsirran da ƙasarsu na mayar kango. Na riƙa bin gindin randa ina tsince duk ƙwallon da ta tofar na busasshiyar magarya, ina binnewa. Na jawo wani tsohon ƙyauren kwano na tare bakin kangon, na tokare shi da dutse, domin barewar ta fara zagaye wurin tana miƙa wuya. A gidan gaba ɗaya babu wani abu kore sai su.

Da suka kai tsawon tafin hannu sai gara ta zo. Tsohon gini ne, gidanta ne tun da. Na zo da safe na tarar biyu sun kwanta, na ja su suka fito ba saiwa. Washegari wani ya bi su. Na ga duk abin da nake riƙe da shi yana tafiya ta ƙarƙashin ƙasa, inda ba na gani.

A alkukin zauren Baba akwai wani gwangwani mai farin gari da yake barbaɗa wa ɗanyun fatu don kada ƙwari su ci. Tun muna yara ya ja mana kunne a kansa. Yakan ce ko kaza ce ta tsattsagi ƙasar da ya zuba, ta gama yawo. Shi kansa sai ya ɗaure hancinsa da ƙyalle yake buɗewa. Ban taɓa ɗaukar ko allurar Baba ba da izininsa ba. Ranar, da ya fita sallar azahar, na shiga zauren na ɗebi cokali uku a takarda. Na barbaɗa a gindin kowane tsiro. Da na ga ya rage, na ce bari na ƙarasa a kan ganyen, ko fara ma ta zo ta sami rabonta. Na wanke hannuna sau uku da sabulu, ban gaya wa kowa ba.

Gara ta ɗauke. Kwana biyu ina jin daɗin wayona.

A rana ta uku ina da littafin da zan mayar kafin la'asar, saura mini kusan rabi, kuma an kai inda aka raba masoyan. Da hantsi na kai wa tsirran ruwa, buta a hannu ɗaya, littafi a ɗaya, ɗan yatsana a tsakanin shafi. Na zuba a gindinsu a hankali don kada na wanke garin. Na fito na ja ƙyauren da ƙafa. Dutsen ne ban mayar ba. Na sha komawa wannan wurin a raina, ina ganin dutsen a gefe, ina ganin kaina ina wucewa ido a kan takarda.

Na zauna a ƙofar ɗakin Hajiya na nutse. An kira azahar ban tashi ba. Abin da ya dawo da ni wata ƙara ce, kamar ana dukan kwano da sanda, a hankali, ba tsayawa. Na zagaya baya. Ƙyauren yana ƙasa, barewar tana kwance rabin jikinta a kansa, ƙafarta ta baya tana harbin kwanon. Yawu yana dalala daga bakinta har ƙasa ta jiƙe. Duk fatar jikinta rawa take yi kamar ƙudaje sun sauka mata. Na dubi cikin kangon. Babu ganye ko ɗaya, sai 'yan guntayen kara a tsaye.

Na yi ƙoƙarin tashe ta kamar yadda na saba. Na sa hannu a ƙarƙashin cikinta na ɗaga, ƙafafun suka lanƙwashe, ta zame. Na sake, ta sake zamewa. Ban san na yi wani sauti ba, sai ga Umma a kaina, sai ga Hajiya tana dogara sanda. Ana haka Baba ya yi sallama ya dawo daga masallaci.

Umma ta ce, "Malam, zo ka gani, ta faɗi."

Ya zo ya duba, bai daɗe ba. Ya ce, "Inna lillahi. To, lokaci ya yi." Ya juya ya nufi zaure.

Ina jin takunsa. Ina jin lokacin da ya tsaya a ƙofar, da ɗan karcen da ƙarfe ya yi a jikin azara. Ya dawo yana gwada kaifin a farcen babban yatsansa. Ya ɗauki barewar cak ya kawo tsakar gida, ya kwantar da ita ta fuskanci alƙibla. Ya sa fartanya ya yi ɗan rami inda jini zai zuba. Ya ce a kawo ruwa a ba ta, kamar yadda ake yi wa kowace dabba. Umma ta kawo a moɗa, ruwan ya bi gefen bakinta ya zube.

Baba ya ce, "Mamana, shiga ɗaki. Ba sai kin gani ba."

Ban motsa ba. Babu wanda ya dubi kangon, babu wanda ya tambayi abin da ya kayar da ita. Kowa ya ɗauka yunwar nan ce ta kai ƙarshe. Umma tana cewa ba wani nama a jikinta, amma a cire cinya ɗaya a kai wa maƙwabciyarmu da ta haihu kwana biyar da suka wuce, a yi mata farfesu, an ce naman daji yana kawo ruwan nono.

A littattafan da na karanta, a irin wannan wuri yarinya takan faɗa kan abin da take so ta rungume, ta yi magana mai tsawo har kowa ya zubar da hawaye. Ni kuwa ina tsaye a inda nake. Ina ganin mai jegon nan a raina da kwano a gabanta, jaririnta a cinya. Ina ganin gwangwanin a alkuki. Ina ganin fuskar Baba in ya ji na shiga zaurensa na yi masa sata, kuma ni ce na kashe abin da nake ta kukan kada a kashe. Ya durƙusa, ya taka ƙafafunta, ya kama muƙamuƙinta ya miƙar da wuyan. Na ga leɓensa ya fara motsi.

Na ce, "Baba, kada a ci."

Muryar ba ta fita sosai ba. Ya ɗago. "Me kika ce?"

"Kada a ci naman. Maganin fatarka ta ci."

Ya tsaya a yadda yake, wuƙar a hannu. Numfashin barewar yana fita da gurnani.

"A ina ta same shi?"

"Ni na ɗiba. Na zuba wa shukata saboda gara. Na zuba har a ganye."

"Yaushe?"

"Shekaranjiya."

"Nawa?"

"Cokali uku."

Umma ta saki moɗar, ta dafe ƙirji tana salati, ta ce, "Da yanzu mun aika wa baiwar Allah nan." Baba ya juyo. Ya dube ni kawai, kallon da ban taɓa gani a fuskarsa ba, kamar yana neman ya tuna 'yar wace ce. Sannan ya mayar da ido kan barewar, ya gyara riƙon wuƙar. Ya ce ko ba za a ci ba, gara a hutar da ita, wahala take sha.

Hajiya ta buga sandarta a ƙasa. Ta ce, "Yankan da ba za a ci ba na mene ne? Ɗaga ƙafarka. Bar ta ga Mai ita. Ɗauki gwangwanin ka tafi Ƙofar Ruwa ka zo da malamin dabbobin nan da ya duba ragonka bara."

"Hajiya, kafin na je na dawo..."

"To ka tsaya muna hira."

Baba mutum ne da gemunsa ya fara fari, amma ban taɓa jin ya maimaita wa Hajiya magana ba. Ya ajiye wuƙar a ƙasa kusa da ramin, ya sa takalminsa ya fita.

Hajiya ta ce da Umma ta daka gawayi ya yi laushi, ta dama a nono. Ni ta ce na zauna na ɗora kan barewar a cinyata, na ɗaga shi sama kaɗan kada ta shaƙe. Tana ɗura mata da ludayi kaɗan-kaɗan, rabi yana shiga rabi yana zuba a zanena. Jikinta yana karkarwa, karkarwar tana shiga ƙafafuna. Idon nan da na daɗe ina kwatanta shi da na littafi ya ƙanƙance, ba ya ganina. Wuƙar kuwa tana nan inda Baba ya bar ta, taku biyu daga gare ni, rana tana haska ta. Na so na tura ta nesa da ƙafa, na kasa taɓa ta. Duk ƙarar adaidaita da na ji a bakin lungu sai na ce su ne, duk shirun da ya biyo baya sai na sa hannu a ƙirjinta na ji ko tana nan.

Hajiya ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Takwara, da kin yi shiru fa?"

Na ce, "Na kusa."

Ta ce, "Na gani."

Ana kiran la'asar suka shigo. Malamin ya karanta jikin gwangwanin, ya buɗe idon barewar, ya yi mata allura a wuya, bayan ɗan lokaci ya ƙara wata. Ya ce in yawun ya tsaya kuma ta kai magariba da rai, akwai fata. Ya ce ko ta mutu ko an yanka, kada kowa ya ci, ko kare kada a ba wa, a binne da zurfi. Baba ya tambaye shi in ta tashi fa, har yaushe naman zai zama haka. Malamin ya ce a jira wata guda.

Yawun ya tsaya kafin rana ta faɗi. Ta kai magariba. Washegari da hantsi na same ta ta naɗe ƙafafu a gindin randa, bakinta yana motsi a hankali, tana tuƙa. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban samu yi ba jiya.

Baba bai dake ni ba, bai yi mini faɗa ba. Ya sayo kwaɗo ya kulle gwangwanin a akwati. Abin da ya yi kawai, ya daina ce mini Mamana. In zai aike ni sai ya ce "ke". Kwana tara ina amsa "ke", kuma da duka ya yi mini da ya fi sauƙi.

Wuƙar Umma ce ta ɗauke ta daga tsakar gida ta ajiye a kan taga. A rana ta goma Baba ya gan ta, ya ɗauka, ya goge, ya nufi ƙofar zaure na biyu. Barewar ta tashi amma har yanzu ƙashi da fata ce. Ina shara, na tsaya da tsintsiya a hannu. Hajiya tana kan tabarma tana jan carbi.

Ta ce, "Ina za ka kai ta?"

Ya ce, "Mazauninta, Hajiya."

"Don wa? Ni dai naman dabbar nan ba zai shiga bakina ba, ba kuma a tukunyar gidan nan ba."

"Ai malamin ya ce bayan wata guda babu komai."

"Malamin ne zai ci ko ni? Abin da ya shiga ɓargo wa ya ga fitarsa? In shekara goma ta yi, ni ina ƙyanƙyami."

Umma daga bakin murhu ta ce ita ma gaskiya ba za ta iya ba, kuma ba ta da fuskar da za ta aika wa wani. Baba ya dubi Hajiya, ya dubi Umma, ya daɗe yana juya wuƙar a hannunsa. Ya san mahaifiyarsa ba mai ƙyanƙyami ba ce, matar da take cin fara da ƙafafunta. Ina jin ya gane, domin na ga gefen bakinsa ya motsa. Ya miƙo mini wuƙar ta wajen ƙota.

Ya ce, "Mamana, kai ta akwati. Ki riƙe da kyau, tana da kaifi."

Ranar na fara taɓa ta. Ba ta da nauyin da na zata.

Ruwan farko ya sauka bayan mako biyu, masu ɗanyar ciyawa suka fara shigowa lungu, barewar ta murmure. Na kwashe ƙasar saman kangon na zubar kamar yadda malamin ya ce, ina tsammanin komai ya mutu. Sai ga guntayen magaryar nan guda huɗu sun tofo daga gindi, da ɗinya ɗaya. Baba da kansa ya kafa wa kangon ƙofa mai sakata. Don gara kuwa, Hajiya ta koya mini zuba toka.

A shekara ta uku magarya ta yi 'ya'ya, ba su fi cikin moɗa ba. Na buɗe sakatar na bar ta ta shiga ta tsinta da kanta. Ba ni da atamfa mai ruwan ganye, ƙaya kuma ta kama mini zane, amma na zauna a ƙasa na kalle ta har ta gama.

Ta yi shekara shida a gidanmu. Ina gidan mijina a Mandawari aka aiko cewa an tashi da safe an same ta a gindin randa ta mutu. Babu wanda ya nemi wuƙa. Baba ya haƙa rami a kango kusa da ɗinyar ya binne ta, shi da ya ce ba ma kai halal bola. Ɗinyar ba ta fara 'ya'ya ba sai shekara biyu bayan mutuwar barewar, lokacin Hajiya ma ta rasu, babu mai yin maɗi. In na je gida a ƙarshen damina nakan tarar sun zubo sun yi baƙi a ƙasa, na tsince a faifai na kai wa Baba zaure. Har yau in na iso da safe na ji yana wasa 'yar wuƙarsa, sai na ɗaga kai na dubi azara kafin na wuce.